Zauren Fim: Aikin da Mintunan Farko Suke Yi wa Mai Kallo

Na taɓa makara zuwa kallon fim ɗin Indiya Sholay a wani gidan kallo na unguwarmu, irin wanda ake jera bencina a gaban talabijin guda, a saki labulen buhu a ƙofa. Kafin in biya kuɗin shiga in lallaɓa cikin duhu in sami gefen benci, an riga an ci kusan kwatan awa. Na zunguri yaron da ke kusa da ni na ce masa, "Me aka yi?" Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Wani tsohon ɗan sanda ne yake neman ɓarayi biyu su yi masa aiki." Iyakarta ke nan. Kuma ta fuskar labari bai rage ni da komai ba, domin da wannan jimla ɗaya na bi fim ɗin har ƙarshe ban ɓace ba.

Sai bayan shekaru, da na zauna na kalle shi tun daga farko, na gane asarar da na tafka a ranar. Fim ɗin, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarninsa aka sake shi a 1975, yana buɗewa ne da jirgin ƙasa yana shigowa wata 'yar tashar ƙauye shiru. Jami'in gidan yari ya sauko, aka tarye shi, suka hau dawaki suka ratsa wata ƙasa mai manya-manyan duwatsu, inda ko ihu mutum ya yi babu mai kawo masa ɗauki. A ƙarshen tafiyar ga Thakur, tsohon ɗan sandan nan, lulluɓe da mayafi, ba a ganin hannunsa ko ɗaya. Da ya fara ba da labarin yadda ya san ɓarayin nan biyu, sai aka koma baya aka nuno shi cikin kaki a jirgin ƙasa, hannayensa biyu suna aiki, har da harsashi ya tsinke musu ankwa don su taya shi faɗa da 'yan fashi. Da aka ji masa rauni, ɗaya daga cikin ɓarayin ya cilla kwabo sama don a raba gardama: su gudu, ko su kai shi asibiti. Babu wanda ya ce maka ka lura da mayafin, babu wanda ya ce ka riƙe kwabon. Amma idonka ya ajiye su. Can da aka yi nisa mayafin ya faɗi aka ga hannayen riga suna reto babu komai a ciki, can kuma a ƙarshe aka juya kwabon aka ga fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, wanda ya ga farkon fim ɗin shi ne abin yake duka a ƙirji. Ni a waccan ranar labari kawai na ji, duka bai same ni ba.

Tun daga nan na daina yarda da cewa fitowar farko wurin zuba bayani ce. Bayanin da ke cikinta, yaro ma zai taƙaita maka shi ba tare da ya ɗauke ido daga talabijin ba. Abin da ba ya taƙaituwa shi ne horon da take yi wa ido da kunne: ta koya maka abin da za ka kalla, da saurin da za a tafi da kai, da irin abin da ya kamata ka ji tsoronsa a wannan duniya da aka shigo da kai.

Bahaushe ya san wannan tun kafin majigi. In ka yi sallama a gidan mutum, a zaure ake tsayar da kai, kuma kafin maigidan ya fito ka gama karanta shi. Ka ga ko alluna ne a jingine da bango ko sirdi a rataye, ko buzu ne a shimfiɗe ko darduma, ko an share wurin da safe ko tun jiya kaji ke kiwo a ciki. Ba a kai ka cikin gida ba, ba a gaya maka sirrin kowa ba, amma ka san yadda za ka zauna da irin maganar da za ka yi. Tatsuniya ma haka. Da an ce "Ga ta nan ga ta nanku," aka amsa "Ta zo mu ji ta," an ƙulla yarjejeniya: daga nan zuwa ƙurungus, in Gizo ya yi magana da sarki babu mai cewa ƙarya ne. Kowane fim yana ƙulla irin wannan yarjejeniya a mintunansa na farko, ko darakta ya sani ko bai sani ba. Wanda bai sani ba ma ya ƙulla, sai dai da ka ya ƙulla ta.

Mu fara da wuri, tunda shi ake ɗauka abu mai sauƙi. Mutane da yawa suna ganin kafa wuri shi ne a nuna gari daga sama a rubuta sunansa a ƙasan allo. Wannan adireshi ne kawai. Dubi yadda Sergio Leone, ɗan Italiya, ya buɗe fim ɗinsa na kaboyi Once Upon a Time in the West a 1968. Wasu mutum uku masu dogayen riguna sun zo wata tashar jirgi a tsakiyar fako, suka kulle tsohon da ke kula da ita, suka zauna jiran jirgi. Fiye da minti goma, jiran nan shi ne fim ɗin. Babu kiɗa, alhali Ennio Morricone ne ya yi wa fim ɗin kiɗa, mutumin da kiɗansa kaɗai ya isa ya sayar da fim. Abin da ake ji shi ne kukan farfelar famfon iska da ta rasa mai, tana juyawa tana ƙara. Ɗayansu ya tsaya a ƙarƙashin tankin ruwa, ruwa yana ɗiga masa a ka. Maimakon ya matsa sai ya sa hularsa, ɗigon ya ci gaba da sauka a kanta, da ya taru ya cire hular ya shanye. Ɗaya yana ta lanƙwasa yatsunsa suna ƙas-ƙas. Na ukun na'urar tangarahu ta dame shi da ƙara, ya miƙa hannu ya fizge wayoyinta, sannan ƙuda ya sauka a gemunsa. Ya hura, ya murguɗa baki, ƙudan ya ƙi tashi. Daga ƙarshe ya kife shi da bakin bindiga, ya toshe da yatsa, ya kara a kunne yana sauraron kukansa yana lumshe ido.

Ba a faɗi shekara ba, ba a yi wani jawabi a kan yammacin Amurka ba. Hasali ma a ƙasar Sifen aka ɗauki wannan fitowa. Amma ka san dokar wurin. Ruwa yana da tsada har ɗigo ba a bari ya tafi banza. Hukuma tana da nisa har ana iya yanke wayarta babu mai tambaya. Lokaci kuma ba shi da gaggawa, mutanen da suka zo kisa suna da sukunin wasa da ƙuda. Kuma ka san mutanen: wanda ya ji daɗin kukan ƙudan da ya tsare, ba sai an ce maka mugu ne ba. Uwa uba, an sauya maka bugun zuciya. Wanda ya shigo yana jiran harbe-harbe, a minti na biyar ko dai ya tashi ko ya miƙa wuya, ya fara sauraron ƙaramin sauti kamar yadda mutanen nan suke yi. Don haka da jirgin ya iso da ƙararsa sai ka ji kamar an fasa maka kunne. Jirgin ya tsaya, ba a ga kowa ya sauko ba, sun juya za su tafi, sai aka ji busar hamonika. Jirgin ya ja ya wuce, ga mutum tsaye a ɗaya gefen dogo. Ya dubi dawakinsu uku ya tambaya ko sun kawo masa nasa. Suka yi dariya suka ce ai doki ɗaya ya gaza. Ya girgiza kai ya ce a'a, biyu ne suka yi yawa. Harbin da ya biyo baya bai kai tsawon atishawa biyu ba. Da an soma da harbin, da ba wanda zai tuna shi.

Wannan ita ce gaɓar da nake ganin an fi kuskurewa. A makarantun koyon fim ana raba wuri daban, hali daban, yanayi daban, don sauƙin koyarwa. A fitowa mai kyau ba su rabuwa. Ɗigon ruwan nan shi ne wurin, shi ne halin mai hular, shi ne kuma agogon da ke ƙirga maka jira.

Ta fuskar gabatar da mutum kuwa, ban san buɗewar da ta kai ta The Godfather ba, wanda Francis Ford Coppola ya yi a 1972. Allo baƙi ƙirin, sai murya tana cewa ta yi imani da Amurka. Sannan fuska ta bayyana, ta wani mai sana'ar shirya gawa, Bonasera, yana ba da labarin yadda wasu samari biyu suka yi wa 'yarsa dukan da ya lalata mata fuska, ya kai ƙara kamar kowane ɗan ƙasa na gari, alƙali ya yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka suka fita a ranar suna yi masa murmushi. Yana magana kyamara tana ja da baya a hankali, a hankali, har ka fara ganin cewa akwai wanda yake saurare. Ba fuskarsa aka fara nuna maka ba. Ƙeyarsa ce, da kafaɗa, da hannu ɗaya da ya ɗan motsa, nan take wani ya kawo wa mai kukan abin sha.

Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san abin da aka yi a nan. Ba sarki ke cewa shi sarki ne ba. Faɗuwar masu gaisuwa ce ke faɗa. Kafin Don Corleone, shugaban gungun masu laifi da ake kawo wa kukan, ya buɗe baki an gama naɗa shi, domin mun ga babban mutum yana kuka a gabansa, mun ga ɗan motsin yatsa ya zama umarni. Da aka juyo da kyamara kuma, sai ga tsoho cikin kwat ɗin biki yana shafa kyanwa a cinyarsa. Kyanwar ma ba ta cikin rubutun fim ɗin, a harabar wurin ɗauka aka tsince ta aka ɗora wa Marlon Brando, jarumin da ya fito a matsayin Don Corleone. To ga hannun da ake roƙo ya sa a yi kisa, ga shi yana sosa wuyan kyanwa. Kuma abin da ya ɓata masa rai ba girman buƙatar ba ne. Ƙorafinsa shi ne mutumin nan ya daɗe yana gudun hulɗa da shi, bai taɓa gayyatarsa gida shan kofi ba, ya fara zuwa wurin 'yan sanda, yanzu kuma ya zo yana maganar biyan kuɗi kamar wanda ya zo hayar ɗan daba. Sai da Bonasera ya sunkuya ya sumbaci hannunsa ya kira shi da sunan girma, sannan aka karɓi kukansa, tare da sharaɗin cewa wata rana za a nemi ya rama alheri. Mu da muka san ubangida da bara, muka san kamun ƙafa, ba ma buƙatar fassara. An nuna mana wata hukuma a cikin hukuma, wadda kuɗinta biyayya ne, bashinta kuma ba ya ruɓewa. Ranar biyan bashin ta zo kuwa, lokacin da aka kai wa Bonasera gawar babban ɗan Don ya gyara ta.

Akwai kuma aikin haske. Gordon Willis, mai ɗaukar hoton, ya bar ofishin cikin duhu, hasken yana saukowa daga sama har idanun Brando suna shigewa cikin inuwa. Daga nan sai a yanka zuwa waje, rana tarwai, ana bikin 'yar Don a 1945, kiɗa da rawa da yara suna guje-guje. A sake komawa cikin duhu, a sake fitowa. Cikin gida da waje, zaure da turaka: iyalin nan fuska biyu gare su, kuma duhun ne ke ciyar da hasken. Cikin taron bikin ne ƙaramin ɗan Don Corleone, Michael, ya iso da kakin soja da budurwarsa Kay, ya zauna a gefe yana ba ta labarin yadda mahaifinsa yake tilasta wa mutane, ya rufe da cewa wannan halin danginsa ne, ba nasa ba. Fim ɗin gaba ɗaya tafiya ce daga wancan teburi na gefe zuwa cikin ofishin nan mai duhu. A fitowar ƙarshe hannun Michael ake sumbata, aka turo ƙofa aka rufe, Kay tana waje. Ƙarshen ba zai yi nauyi ba in da farkon bai riga ya gina ɗakin ba.

Wata hanyar kuma ita ce a bar kayan ɗaki su yi gulmar mai ɗakin. Alfred Hitchcock ya yi haka a Rear Window a 1954. Labulen taga ya ɗaga, kyamara ta leƙa tsakar wasu gidajen haya a birnin Niyok, ta zagaya tagogin maƙwabta, ta dawo kan goshin wani mutum da ke barci yana gumi. Ma'aunin zafi a bango ya haura 90 a ma'aunin Amurkawa. Can wasu ma'aurata sun kwana a waje saboda zafi, wanda ke gaya maka dalilin da ya sa kowa ya bar tagarsa a buɗe, wato dalilin da ya sa labarin zai yiwu ke nan. Sannan kyamara ta bi jikin mutumin: keken marasa lafiya, ƙafa cikin ɗaurin siminti da sunansa a rubuce a kai, kyamarar hoto a farfashe a kan tebur, hoton motar tsere tana wuntsilawa tayarta ta nufo mai ɗauka, sai tarin mujallu. Ba a furta kalma ba, ka san sunansa, sana'arsa, abin da ya karya shi, da cewa mutum ne mai kusantar haɗari wanda zaman wuri ɗaya zai gundura. Don a yi adalci, ko Hitchcock ɗin bai saki jiki da mu ɗari bisa ɗari ba: jim kaɗan sai ga wayar editansa, aka maimaita da baki kusan duk abin da ido ya gani. Amma ya bar ido ya riga kunne, kuma mai kallon da ya harhaɗa labarin da kansa ya riga ya zama ɗan leƙen asiri irin jarumin, tun kafin a fara leƙen.

Yanayi shi ne mafi wuyar kamawa, domin ba abu ne da ake nunawa da yatsa ba. Sau da yawa yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da mutanen cikin fim suka sani. A Touch of Evil na Orson Welles, 1958, abu na farko da aka nuna shi ne hannu yana saita agogon bam, aka jefa shi a but ɗin mota. Daga nan kyamara ta bi motar fiye da minti uku ba a yanka ba, cikin wani gari a iyakar Meziko da Amurka, tana tsayawa tana tafiya, mutane suna gilmawa, wasu sababbin ma'aurata suna tafe kusa da ita suna hira. Hirar banza ce, amma da yake ka san abin da ke cikin but, kowace tsayawa sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa.

Wanda ya fi taɓa ni, wataƙila don ƙasar ta yi kama da tamu, shi ne Timbuktu na Abderrahmane Sissako, wanda ya fito a 2014, a kan mamayar da masu iƙirarin jihadi suka yi wa birnin a 2012. Ba da birnin ya buɗe ba, ba da masallatan ƙasa da kowa ya sani a hoto ba. Yawancin fim ɗin ma a Walata ta Muritaniya aka ɗauke shi. Barewa ce take gudu a cikin rairayi, shiru. Sai ƙarar bindiga, sai ga a-kori-kura da baƙar tuta da mutane a baya suna harbi, ɗaya yana cewa kada a kashe ta, a gajiyar da ita. Daga nan aka nuna su suna ɓarin harsashi a kan sassaƙaƙƙun gumakan katako da aka jera a kan yashi. Cikin minti biyu an gaya maka salon zaluncin da za ka gani. Ba yanka rana ɗaya ba ne. Yau a hana kiɗa, gobe a hana ƙwallo, jibi a ce mai sayar da kifi ta sa safar hannu, har numfashi ya ƙare. Da fim ɗin ya zo ƙarewa yarinya ce take gudu a cikin rairayin, kuma babu wanda ya tsaya yi maka bayanin wace ce barewar.

To mu dawo gida. Ina kallon finafinanmu na Hausa, kuma ba don raini nake faɗa ba, buɗewa iri biyu ta fi yawa. Ko dai a tashi na'urar ɗauka ta sama ta nuno gadar sama da shataletale da motoci, da kiɗa mai taushi, hoton da za a iya cire shi a liƙa wa kowane fim ba a gane ba. Ko kuma a kai ka falo, kujeru sun zagaye, Alhaji da Hajiya suna zaune, ɗaya yana gaya wa ɗaya abin da dukansu suka sani: "Kin san dai yau shekararmu ashirin da aure, kuma ɗanmu ɗaya tilo yana karatu a waje." Ta sani mana, ita ta haife shi. Mu ake gaya wa, kuma muna jin cewa mu ake gaya wa.

Abin yana da asali. Fim ɗin Hausa na bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ya fito. Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa a matsayin na farko, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990. Kafin nan kunnenmu ya saba da wasannin rediyo da talabijin irin su Samanja, inda baki ne jarin ɗan wasa. A dandali da rediyo dole a faɗa, don babu kyamarar da za ta matso ta nuna maka yatsa yana rawa. Ga kuma lissafin kuɗi: gidan da aka karɓa haya na kwana ɗaya, janareta yana shan mai, jaruma tana da wani lokeshan da la'asar. Zaunar da mutum biyu a kujera su yi magana ya fi araha a kan bin ƙuda da kyamara. Yanzu kuma an sami sabon matsi. Finafinai masu dogon zango sun koma YouTube, inda ake nuna wa mai tasha yawan waɗanda suka rage suna kallo bayan daƙiƙa 30 na farko. Sai tsoro ya sa ake yanko mari ko kuka ko saki uku daga tsakiyar labari a manna a gaba. Yana tsayar da ɗan yatsan mai kallo, ban musa ba, amma cin bashi ne: an kashe abin da ya kamata a tara.

Wasu masu sharhi suna ɗora laifin a kan gaisuwa, wai doguwar gaisuwarmu ce ke kashe fim. Ban yarda ba. Gaisuwar Bahaushe cike take da labari ga mai ido. Wa ya durƙusa, wa ya ɗan rusuna kawai? Wa ya cire takalmi tun daga nesa? Wa aka ce wa "ina gajiya" ya amsa da "lafiya" guda ɗaya ya kau da kai? Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, surukin da aka bari a tsaye ba a ce ya zauna ba, yaron da ya miƙa wa dattijo hannu ɗaya. Abin da Coppola ya yi da sumbatar hannu, muna da irinsa goma a gaisuwar safe kaɗai. Matsalar ita ce ana ɗaukar gaisuwar daga nesa, kowa ya amsa daidai yadda aka saba, babu abin da ya karkace. Gaisuwar da komai ya tafi daidai a cikinta ba ta da abin kallo.

Kwanakin baya wani matashi marubuci ya kawo mini rubutunsa in duba, labarin kishiyoyi biyu. Shafi huɗu na farko uwargida ce take zayyana wa ƙawarta yadda ba sa ga-maciji da amarya tun da aka kawo ta. Na ce masa, "Ƙanena, me zai hana ka gwada haka?" Asuba ta yi, ana jin sallamar masallaci daga nesa da carar zakara. Tsakar gida, ɗakuna biyu suna kallon juna, murhu biyu, ɗaya da wuta ɗaya toka ta huce. Mace ta fito da tsintsiya tana shara. Ta share ƙofar ɗakinta, ta share gindin rijiya, ta taho har tsakiyar gida, sai ta tsaya cak, kamar akwai layin da aka ja wanda mu ba ma gani. Ta tattara shararta ta kwashe, ta bar ɗaya rabin da ganyen darbejiya a zube. A ƙofar ɗakin da ba a share ba akwai takalmin namiji. Ta dube shi sau ɗaya, ta ɗauki buta ta wuce. Yaro ƙarami ya fito daga ɗakinta zai tsallaka wancan ɓangaren ɗauko ƙwallonsa, ta kira sunansa a hankali ba tare da ta juyo ba, ya dawo.

Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, wallahi ya yi. Amma furodusa zai ce an biya jaruma kuɗi mai yawa, ga minti biyu sun wuce ba ta ce komai ba." Na ce ya dai gwada. Da fim ɗin ya fito na nema na kalla. Da gadar sama aka buɗe, sannan falo, sannan uwargida da ƙawarta da shafukan nan huɗu ba a rage ko layi ba. Tsintsiyar ta samu shiga, a wajen minti na tara, an ɗora mata kiɗan tausayi, ƙawar kuma tana tsaye a gefe tana cewa, "Au, har yanzu ba kya share mata ƙofa?"